Gidan Da Aka Tsallake

Takardar tana manne a bangon bakin famfo, daidai inda mata ke jera bokitai, kuma wanda ya manna ta bai yi rowar gam ba. Kafin Mai Sabulu ta iso da kwandonta a ka, rabin unguwa sun karanta, sauran rabin an karanta musu. Bokiti ya cika yana ambaliya babu mai kashe famfo. Tana karyo kwana surutu ya ɗauke ɗif, aka dare mata hanya.

Ta sauke kwandon ta karanta. Rubutun hannu ne da manyan baƙaƙe: "Mai Sabulu ba sabulu take talla ba, maganin ƙanjamau take rabawa. Ga gidajen da take kai wa." Sai lamba ɗaya zuwa tara: gidan tela, gidan matar direba, gidan mai wanki, haka har ƙasa.

Takardar ba ƙarya zalla ba ce. Shekara bakwai ke nan tana yi wa ƙungiyarsu aikin bin sawu. Ƙungiya ce ta masu shan maganin, su suka kafa abinsu, su ke tafiyar da shi. Duk wanda ya daina zuwa karɓar magani ita ke nemo shi, ta lallashe shi, wanda kuma yake tsoron a gan shi a asibiti ta kai masa har ɗaki, a naɗe cikin takardar sabulu. Duk ranar Talata irin ta yau take zaga wannan unguwar, kuma ko kare bai taɓa yi mata haushi ba.

Ta sa farce ta kankare takardar, ta ninke ta cusa a zani.

"Yage takarda ba ya goge magana," in ji tsohon Hedimasta daga bayan taron. Mutumin ya yi ritaya shekara goma, amma muryarsa ba ta yi ba. "Ni shawarata, a dakatar da ita daga shigowa unguwar nan. Jibi Alhamis a zauna a makaranta a bi ba'asi."

Ta ɗauki kwandonta ta wuce. Hankalinta na kan lamba ta biyu.

*

Matar direba tana da ciki wata takwas. Mijinta ya san komai, shi ma yana shan nasa, amma yana can kan hanya da babbar mota, sai ita da surukarta a gida. Nas ɗin asibiti ta sha gaya mata cewa muddin ba ta yi fashin magani ba har ta haihu, da yardar Allah jaririn zai zo lafiya lau. In kuwa ta bari yanzu, ƙwayar cutar za ta farfaɗo daidai lokacin da ba a so.

Mai Sabulu ta yi sallama sau uku. Ƙofar ɗakin a rufe, an sa sakata.

"Ƙanwata, ni ce."

"Na san ke ce." Muryar ta dushe da kuka. "Yaya, me na yi miki? Ke kaɗai kika san ƙofata. Surukata ta ware mini kofi da cokali tun da safe. Kin ji? Kofi da cokali!"

"Wallahi ba daga bakina ya fita ba. Buɗe ki karɓi na watan nan, ƙwaya biyu suka rage miki."

"Su ƙare. Ba zan ƙara haɗiye abin da ya bi ta hannunku ba. In ba ke ba ce, kawo mini wanda ya yi. Kawo mini sunansa."

Mai Sabulu ta tsaya ta lissafa da yatsu. Ta yau, ta gobe. Ranar Alhamis kwalbar za ta zama fanko.

*

Ɗakin ƙungiya yana bayan asibiti, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Ranar Talata benci huɗun nan kan cika har wasu su zauna a taga. Yau babu kowa sai Uwar ƙungiya, wadda suke kira Mama, da magatakarda mai ajiye katunan masu shan magani, da nas da ta leƙo da safar hannu.

"A kira 'yan sanda kawai," in ji nas.

"Su zo su ce a ba su katuna su duba?" Mama ta girgiza kai. "Sai dai su tsallake gawata. Wannan wutar a gidanmu ta tashi, mu za mu kashe ta."

Mai Sabulu ba ta zauna ba. Ta zaga ɗakin, ta taɓa taga, ta duba ƙarƙashin tebur, sannan ta ja ƙofar kabad ɗin katuna. Ƙofar ta buɗe salin-alin, ba makulli. Ta juyo ta dubi magatakarda. Mutum ne siriri mai yawan goge tabarau, kuma a lokacin ya cire shi yana gogewa kamar zai huda gilashin.

"Tun yaushe?"

"Anti, ki bari in yi bayani."

"Tun yaushe kwaɗon ya lalace?"

"Wata guda. Na ce zan gyara da kaina. Na ji tsoron faɗan Mama ne."

Mama ta dafe ƙirji tana salati. Mai Sabulu ta shimfiɗa masa takardar a kan tebur, ta ajiye wani katin da ya cike da hannunsa a gefe. Shi ma da manyan baƙaƙe yake rubutu. Kuma kowa ya san watan jiya sun yi cacar baki da tela a nan ɗakin, har aka shiga tsakani, ga tela shi ne lamba ɗaya.

"Ki dubi katunan da kanki," in ji magatakarda. "Wa ya taɓa ba mu adireshin gaskiya? Rabin mutanenmu a kati duk bayan tashar mota suke zaune. Ni ma da na zo farko haka na rubuta. Ban san ƙofar kowa ba, Anti. Ni ma fa nan nake karɓar nawa."

Ta zaro katuna goma ta duba. Bayan tasha, bayan tasha, kusa da kasuwa, bayan tasha. Ta mayar, amma zuciyarta ba ta sake shi ba. Wanda ya iya ɓoye lalacewar kwaɗo wata guda zai iya ɓoye wani abin.

*

Mai keken da ke ɗaukar ta duk Talata ta same shi wurin mai faci, ya cire taya yana ba da labarin ƙwallo. Mutum ne da ba a taɓa jin ya gama zance ba. Ta ja shi gefe.

"Wa ka gaya wa inda kake kai ni?"

"Haba Anti! Ni?" Ya dafa kai. "To, na dai taɓa cewa ina da wata mai sabulu da ba ta ciniki da ni. Shi ke nan. Sai matata, ita ma ce mata na yi kina da kirki. Sai wani abokina..."

"Ka iya rubutu?"

"Ni da ko a banki yatsa nake dangwalawa? Kuma ina nake sauke ki? Bakin famfo. Ki shige lungu, ni in miƙe ƙafa in yi barcina. Ki tambayi masu ga-ruwa, har dariyar minsharina suke yi."

Gaskiyarsa ce, ita ta kafa wannan dokar tun ranar farko: keke ba ya wuce famfo. Ta bar shi yana rantse-rantse. Ranar ta ƙare ba ta riƙe komai ba sai ciwon kai, kuma ƙwaya ɗaya ta tafi.

*

Washegari da hantsi tana ɗakin ƙungiya tana ƙara juya katuna, sai ga ƙarar sanda a dandamali, ƙwas, ƙwas. Iya ce, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bayan injin niƙa, ta haura saba'in da biyar kuma bakinta bai tsufa ba.

"Ina 'yar nan mai sabulu? An ce mini nan ne ofishinku." Ta zauna ba a ba ta wuri ba. "Ashe ni ma an sa ni a jarida? Lamba shida! Jikata ta karanta mini. Ni da rabona da asibiti tun haihuwar autana, yau ni ce mai ciwon zamani. To in akwai abin da ake rabawa a ba ni kasona, tunda suna ya riga ya fita."

Mama ta kasa riƙe dariya. Mai Sabulu kuwa ta yi tsaye cak da kati a hannu.

Jiya firgici ya sa idonta ya maƙale a lamba ta biyu, ba ta karanta sauran da hankali ba. Ta zaro takardar. Iya ba ta da kati a kabad ɗin nan. Mai wanki ma ba shi da shi. Haka matar mai gyaran rediyo, haka gida mai jar ƙofa. Dabarar aikin ke nan tun asali: cikin gidajen da take shiga dole a sami waɗanda sabulu kawai suke saya, don kada ƙafarta ta zama alama. Wanda ya ga katuna ba zai taɓa rubuta Iya ba.

"Mama," ta ce a hankali, "ba kabad aka buɗe ba. Ni aka bi."

Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Ita da ke bin sawun mutane shekara bakwai, an bi nata tun daga famfo har ƙarshen unguwa ba ta waiga ba.

Ta sa yatsa a kan lambobin, tana tafiya da ƙafar zuci. Tela, matar direba, mai wanki, jar ƙofa. Jerin bai kuskure ba, haka ta bi su Talatar makon jiya. Daga jar ƙofa sai... Yatsanta ya tsaya. Takardar ta yi tsalle zuwa gidan mai gyaran rediyo. Ta sake ƙirgawa. Gida goma take shiga ranar Talata, a takarda tara ne.

Lungun da ke tsakanin jar ƙofa da mai gyaran rediyo miƙaƙƙe ne, ba kwana ba rassa, mai bin mutum ba zai ɓace masa a nan ba. Kuma ƙofa ɗaya ce tak a cikinsa, ta gidan Hedimasta.

"Kin gano wani abu?" in ji Mama.

Ta ninke takardar. "Tukuna," ta ce.

*

'Yar Hedimasta bazawara ce, mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce ta dawo gaban mahaifinta. Ba ta fita ko'ina sai koyon saƙa da la'asar, a can Mai Sabulu ta tare ta a hanya, suka rakuɓe bayan wani kanti.

"Babanki ya sani?"

Matar ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zaren da ke hannunta. "Sati biyu ke nan. Sabulunsa ya ƙare ya ɗauki nawa, ya warware takardar. Bai ce mini uffan ba, Yaya. Da ma duka ya yi da ya fi mini. Sai dai ya zauna a zaure yana cewa mutane za su lura, mutane za su lura da mai shigowa gidan nan."

"Talatar makon jiya fa?"

"Ya fita tun safe, da na tambaya ya ce shan iska. Bai dawo ba sai bayan kin bar unguwa." Ta ɗago a firgice, ta kama hannun Mai Sabulu. "Don Allah, Yaya. In kika ce shi ne, za a tambayi dalili. In aka tambayi dalili, ni ce dalilin."

Mai Sabulu ta koma gida da amsar da ta kwana biyu tana nema, kuma ba ta taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba.

*

Ranar Alhamis aka cika aji ɗaya na makarantar firamare, manya sun takure a kujerun yara. Shugaban unguwa a gaba, Hedimasta a gefensa da biro da littafi, shi ne mai rubuta abin da aka tattauna. Mama ta zo da magatakarda da mai keke, tunda sunayensu sun shiga bakin mutane. Iya ta kama kujerar gaba. A can baya, kusa da ƙofa, 'yar Hedimasta ta ja mayafi har hanci. Matar direba ba ta zo ba.

Mai Sabulu ta miƙe. Ta dafa tebur.

"Abu ɗaya a takardar nan nawa ne, don haka ina da ikon faɗinsa. Ni ina da ƙwayar cutar. Shekara goma sha ɗaya ina shan magani, na aurar da 'ya, na ga jika, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Ina yi wa ƙungiyarmu aiki, ban musa ba."

Ajin ya ɗauki guna-guni. Wata mata ta janye ƙafarta daga kusa da ita.

"Amma wanda ya rubuta wannan bai san komai ba. Bai ga kati ba, don haka ku saki magatakarda. Mai keke bai taɓa wuce famfo ba. Wani ne ya bi bayana yana rubuta duk ƙofar da na shiga. Ina shiga gida arba'in a mako, kuma sabuluna yana kumfa, ku tambayi Iya."

"Yana yi," in ji Iya, ta buga sanda. "Ni ce lamba shida. Wanda ya rubuta ni ya fito ya aure ni, tunda ya damu da lafiyata."

Aka fashe da dariya, har mai wanki ya miƙe yana cewa shi ma a bi masa haƙƙinsa. Tela, wanda tun shigowarsa kansa ke ƙasa, ya ɗan ɗago.

"To cikin taran su wane ne na gaskiya?" wani ya tambaya.

"Ko ɗaya ba zan ce e ba, ko ɗaya ba zan ce a'a ba. Lafiyar mutum tasa ce. In kai ne, haka zan yi maka."

Shugaban unguwa ya yi gyaran murya. "Mun ji. Amma wa ya bi ki? Kin ce aikinki bin sawu ne."

Ta juya ta dubi Hedimasta. Biron ya tsaya a hannunsa. Ta fara jero gidajen da ka, sannu a hankali: tela, matar direba, mai wanki, jar ƙofa. A nan ta yi shiru. Gumi ya tsattsafo a goshin tsohon, leɓensa na motsi ba sauti. Kalma uku kawai za ta faɗa ta wanke kanta, ta kuma sami sunan da matar direba ke jira. Ta hango mayafin da ke bakin ƙofa.

"Mai gyaran rediyo," ta ci gaba, ta ƙarasa jerin. "Ba ni da abin da zan ƙara."

"Ke nan ba ki sani ba?"

"Ba ni da abin da zan ƙara, ranka ya daɗe."

"Wataƙila ita ta rubuta abinta!" wata ta yi ihu daga baya. Aka yi ta hayaniya. A ƙarshe aka yanke cewa daga gobe kada a ƙara ganin ta da kwando a unguwar sai gaskiya ta fito, kuma Hedimasta ne ya rubuta hukuncin da hannunsa.

A bakin ƙofa ya matso kamar mai neman takalminsa. "Me ya sa?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ba don kai ba, Malam. Ranar Litinin 'yarka za ta zo asibiti da ƙafarta. Kai za ka rako ta."

Ya sa takalminsa ya fita bai ɗaga murya ba, kuma wannan sabon abu ne a wurinsa.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gidan matar direba. Surukar na tsakar gida tana tankaɗe, labarin Iya ya riga ya iso mata, ta amsa sallama a daƙile ta kau da kai. Wannan karon ƙofar ɗakin a buɗe take. Matar na zaune a bakin gado, ƙafafu sun kumbura, kwalbar fanko a kan tebur.

"An ce kin tona kanki a gaban kowa."

"Nawa ne, na ga dama."

"An ce kuma ba ki gano shi ba."

Mai Sabulu ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. Ta gaji har cikin ƙashi. Ƙarya ɗaya za ta sauƙaƙa komai, amma ba ta taɓa yi wa matar nan ƙarya ba.

"Na gano shi."

Matar ta zabura. "Wane ne?"

"Ba zan gaya miki ba."

"Yaya! Mutumin da ya sa aka ware mini kofi? Kika sani kika bari aka kore ki kamar ɓarauniya?"

"In na faɗi sunansa, na tona wata. Mace ce kamarki, ita ma tana da ƙofar da ni kaɗai na sani. Ba ta ba ni izini ba."

"Ko ni ba za ki gaya wa ba? Na rantse ba zai fita ba."

"Ko ke. Ko Mama ban gaya wa ba."

"In na ce ba zan sha ba sai kin faɗa fa?"

Mai Sabulu ta dubi cikin, ta dubi kwalbar. Idanunta suka cika. "Sai in zauna a nan in yi ta roƙon ki har a zo a fitar da ni. Amma ba zan faɗa ba."

Ƙarar rariya na shigowa daga tsakar gida. Matar direba ta daɗe tana kallon ta, irin kallon da ake yi wa mutum a karo na farko. Can jaririn ya motsa, ta dafa wurin da tafin hannu, ta ja numfashi.

"Ashe haka kika riƙe nawa," ta ce.

Mai Sabulu ta dafa ƙullin maganin watan nan da ke cikin zaninta.

Matar ta share fuska da bakin zani, ta gyara zama, ta miƙo hannu.

"Ƙarfe shida nake sha, Yaya. Lokaci na wucewa."